Yadda ake haɗa rokar gora don nuna wa ɗalibai bambancinta da injin jet

Yaran Zariya sun saba ganin jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi a kan Palladan, amma in ka tambaye su abin da ya hana jirgi zuwa duniyar wata, sai su ce mai ne zai ƙare. Ba mai ba ne, iska ce.

Injin jet zuƙar iska yake yi ta gaba, ya matse ta, ya fesa mata kananzir ta kama da wuta, hucin ya fita ta baya da ƙarfi. Oksijin ɗin da wutar ke ci, kusan kashi 21 cikin ɗari na iska, a hanya yake tsintarsa. Inda iska ta ƙare, nan ya mutu. Ita kuwa roka da guzurinta take tafiya. Rokar Saturn V da ta kai mutane wata a 1969 kananzir ta ƙona a matakin farko, amma da tankin oksijin ɗinta, wanda aka sanyaya har ya zama ruwa.

Nemi robar lemo mai gas, ta lita ɗaya da rabi ko biyu. Ban da robar ruwan sha, ba ta da kauri, fashewa take. Je wurin mai faci ya yanko maka bawul daga tsohon tiyub, kyauta ma zai iya ba ka. Huda toshiyar roba wadda ta cika bakin gorar tam, ka zura bawul ɗin, kada a bar ko zirin kafa.

Wurin zuba ruwa ake yin ɓarnar. Kashi ɗaya cikin uku na gorar, kada ka ƙara. Masu koyo cika ta suke yi, wai ƙarin ruwa ƙarin ƙarfi, sai ta yi nauyi, ɗan matsin iskar ya ƙare ruwa bai gama fita ba, ta kife a gabanka. In kuma ba ruwa sam, sai ta yi fus ta ɗan zabura kawai, don iska ba ta da isasshen nauyin da za a jefa baya. A nan ka tsaya ka gyara wa ɗalibai fahimta: roka ba ƙasa take tunkuɗa ba, ba kuma iskar waje ba. Abin da ke cikinta take watsawa baya, shi kuma ya ingiza ta gaba.

Manna fikafikai uku na kwali da salatif, ka toshe gorar da toshiyar, ka kifa ta baki ƙasa tsakanin bulo biyu a tsakiyar filin ƙwallo, nesa da wayar wuta. Haɗa famfon keke mai dogon tiyo da bawul ɗin, yara su ja baya, kada kowa ya leƙa samanta. Yi ta bugawa har toshiyar ta fice da kanta. Mai famfo dai sai ya jiƙe.