Ƙannena masu shirin tafiya karatu Ingila, ku ji batun satar rubutu

Tunda na dawo Kaduna hutun Sallah, da wuya la'asar ta wuce ba a yi sallama da ni ba a gidanmu na Tudun Wada. Yara ne da takardar gurbin karatu a hannu, tambayarsu kuma ɗaya ce: "Yaya, ya sanyin can? Ana samun naman halal?" Sanyi dai ku nemi rigar sanyi ta gwanjo tun daga nan. Nama ba ya wahala a Manchester ko Birmingham, kuma mutanenmu na can, Allah ya saka musu, har filin jirgi suke zuwa tarbar baƙo. Abin da yake ba ni haushi, babu ko ɗaya da ya tambaye ni abin da ya kusa dawo da ni gida hannu rabbana.

Yawancin jami'o'in can, aikin da ka miƙa yana bi ta manhajar Turnitin. Tana gwada rubutunka da shafukan intanet, da mujallun ilimi, da ayyukan ɗaliban da aka taɓa miƙawa, sai ta shafa launi a kan duk jimlar da ta yi kama da ta wani, ta nuna inda ta fito. Kada ku ruɗu da masu ce muku in kason kamannin da manhajar ta nuna bai kai kaza ba an tsira. Malami ne ke zama ya karanta rahoton, sakin layi ɗaya da babu madogara ya isa. Sauya kalmomi biyu uku ba ya kuɓutar da kai, aikinka na baya ma in ka sake miƙa shi laifi ne. Tun 2023 manhajar tana lalubo rubutun ƙirƙirarriyar basira, kuma tun 2022 doka ta haramta sana'ar rubuta wa ɗalibai aiki don kuɗi a Ingila.

Ni ba kwafi na yi ba, zumunci ne ya ja mini. Wani ɗan uwa da muke aji ɗaya ya ce in tura masa aikina ta WhatsApp ya ga yadda na tsara. Na tura. Bayan mako uku wasiƙa ta iso: kwamitin ladabtarwa na nemana. Mutum uku a bayan tebur, aikina da nasa a jere, shafi biyu cur launi ɗaya. Na ce ni na rubuta. Suka ce ba su musa ba, amma wanda ya bayar da wanda ya karɓa duk haɗin baki suka yi. Aka ba ni sifili, na sake aikin, aka ƙayyade mini maki 50 komai kyansa. Shi kuwa karo na biyu ke nan, aka kore shi, jami'a ta sanar da ma'aikatar cikin gida, aka taƙaita bizarsa zuwa kwana 60. Gona mahaifinsa ya sayar ya tura shi.

Abin da ya taimake ni a zaman nan shi ne tsofaffin kwafin aikin da ke kwamfutata, kowanne da kwanan watansa. Ku riƙa adana naku. In wasiƙar ta zo, kada ku ɓoye don kunya, ku je ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, kyauta ne, a wurare da yawa har rakiya suke yi zuwa gaban kwamitin.