Shawara ga masu haɗa fim ɗin fargaba da waya

Salam 'yan uwa, ga 'yar shawara kan yadda ake buɗe fim. Don Allah mu rage farawa da mutum biyu a falo suna ta gaishe-gaishe, kafin a zo kan zance mai kallo ya gudu TikTok.

Ku bari kyamara ta tsegunta wa mai kallo abin da jarumi bai sani ba. Ku nemo farkon fim ɗin Touch of Evil na darakta Orson Welles, na 1958 ne, baƙi da fari amma ku daure. Abu na farko da za ku gani hannun wani ne yana saita agogon bam, ya ruga ya cusa a but ɗin mota, sai ga wani mutum da mace sun shiga abinsu ba su san komai ba, kyamara ta yi ta bin motar a wani gari na kan iyakar Meziko da Amurka sama da minti 3 ba a yanka ko sau ɗaya ba, motar ta tsaya ta tafi, mutane na giftawa gab da ita, kai kuma cikinka ya gama ɗurar ruwa don kai kaɗai ka san me ke ciki.

Wannan ba harkar kuɗi ba ce fa. Kashe ƙwan sama, sa fitila ɗaya daga gefe rabin fuska ya shige duhu. Bar ƙofa a ɗan buɗe a bayan jarumi, ido can zai riƙa komawa. Mugu kuwa kar a nuna fuskarsa da wuri, takalminsa ko inuwarsa a bango ya wadatar tukuna.