Takunkumi mai sauƙi ne, adireshi ne ya ba ni wuya

Assalamu alaikum ƙannena masu shigowa Ingila karatu a zangon Janairun 2022. Tun watan Satumba nake kallon sababbin zuwa suna afkawa ramin da na afka a 2020, har na ga shirun ya isa haka.

Abin da jami'a ke buƙata a harabarta saboda korona a farkon 2022 bai kai a yi dogon bayani ba. Ka sa takunkumi a ɗakin lacca da laburare, ka karɓi kwalin gwajin korona na hanci da ake rabawa kyauta a lokacin ka riƙa yi sau biyu a mako, cikin rabin awa ka ga sakamako. Rigakafin korona ma a lokacin kyauta ne, ba ruwansu da irin bizarka. Mu da muka bi layin allurar sanƙarau muna yara, wannan ba abin fargaba ba ne. In ka ga malama ta bar taga a buɗe cikin wannan sanyi, ba mugunta ba ce, so take iska ta riƙa zagayawa. Ita ce ke tsayawa gaban aji bayan aji wuni guda, wataƙila kuma ta haife ka. Ka ƙara rigar sanyi ka yi shiru.

Dokar shigowa kuwa a lokacin korona ba ta kwana biyu a wuri ɗaya. Ranar 6 ga Disamban 2021 aka sa Najeriya cikin jan jeri, wato jerin ƙasashen da aka tsaurara wa shigowa saboda korona, duk wanda ya sauka sai killacewar otal a kan fam 2,285. Ranar 15 ga watan aka soke. Kwana tara kacal, amma waɗanda jirginsu ya faɗa tsakani sun biya. Don haka ka duba shafin gov.uk da idonka daren da za ka tashi, ka bar dogaro da muryar da wani ya turo zauren WhatsApp.

To, ga inda ta yi mini zafi. Da na iso Manchesta, wani sanin wani ya ce akwai ɗaki mai araha, ba sai an nemi mai tsaya mini ba, ba sai an rubuta komai ba, tunda duk 'yan gida ne. Na ji daɗi, na ƙirga masa kuɗin wata biyu da na ajiya a hannu. Ashe shi ma ɗan haya ne, ainihin mai gidan bai san da zamana ba. Ba a yi wata ɗaya ba abokin zamanmu ya kamu da korona. A lokacin kwana 14 ake killace kai, kuma tun 28 ga Satumban 2020 doka ta mayar da shi dole, tarar karyawa tana farawa daga fam 1,000. Jami'a ta tanadi fom na waɗanda ke killace, a kai musu abinci, a riƙa kiransu ana jin lafiyarsu. Na buɗe fom ɗin, ya nemi adireshi. Mutumin nan ya tsaya bakin ƙofata yana roƙo, wai don Allah kada in rubuta gidan, asirinsa zai tonu. Adireshin da makaranta ke da shi kuwa na masaukin da na kwana uku ne a makon farko.

Kwana na biyar zazzaɓi ya kama ni. Ban yi rajista da likitan unguwa ba, wanda suke kira GP, saboda na ɗauka sai da takardar haya. Daga baya na gane ba dole ba ne, ba su da hurumin korar ka don ba ka da shaidar adireshi. Ga shi na riga na biya kuɗin lafiya tare da biza, wanda a 2022 yake fam 470 a shekara ga ɗalibi. Na biya magani tun ina gida, na zo na kwanta ina shan tafasasshen citta kamar wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya. Da na bar gidan, kuɗin ajiyata ko ƙwandala ban gani ba, kuma ba ni da takardar da zan nuna wa kowa.

Ku ji da kyau. A Ingila mai gida ba ya karɓar ajiyar da ta wuce hayar mako biyar a irin gidajen da muke kamawa, kuma dole ya saka ta a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Duk wanda ya ce maka tsakaninmu ba sai takarda ba, ka gaishe shi da kyau ka nemi wani gidan. Sunanka ya shiga yarjejeniyar haya, ranar da ka tare ka sauya adireshi a shafin makaranta, cikin makon ka yi rajistar likita.

In gwaji ya nuna ka kamu, ka sanar da sashenku a rubuce a ranar. Jami'a ce ta ɗauki nauyin bizarka, kuma tana lissafin halartarka. Wanda ya ɓace mako biyu ba labari, a wurinsu mai fashin aji ne, ko da numfashi yake nema a ɗaki. Da wannan saƙon ne kuma za ka nemi a ɗaga maka ranar miƙa aiki ko jarrabawa.

Akwai abin da ke ɓata mini rai. Yaro na tari, jikinsa rau, amma ya tafi aikin dare a sito ko gidan kula da tsofaffi don kada awa 20 ɗinsa ta mako ta tafi a banza. Na san haya ba ta jira, na kuma san bizarmu ta hana mu tallafin gwamnati. Amma jami'o'i suna da asusun taimakon ɗaliban da suka shiga matsi, ɗan ƙasar waje ma yana nema. Kunyar cike fom ce ke hana mu. Kada kuma ka yi koyi da 'ya'yan ƙasa wajen taurin kai. A Nuwamban 2020 ɗalibai a Fallowfield, unguwar ɗalibai a Manchesta, sun tumɓuke shingen da aka kewaye masaukinsu da shi, har jami'ar ta ba da haƙuri. Su a gidansu suke, kai da biza kake zaune.

Abin da ya riƙe ni a wancan ɗaki mutanenmu ne, wannan ba zan ɓoye ba. Wata Hajiya da ban taɓa gani ba ta ji labari, kullum bayan magariba sai ɗanta ya ajiye kular tuwo da miyar kuka a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya koma mota kafin in buɗe. Har yau haka muke yi wa duk wanda ya killace. Sai dai mako biyu da suka wuce mun yi yawo da kula cikin ruwan sama muna neman wani sabon zuwa, lambar gidan da ya bayar ba tasa ba ce, wai mai ɗakin ya hana shi faɗa.