Yadda za ka haɗa kaya in za ka Indiya lokacin zafi

Da farko, duba watan tafiyarka. A Delhi, daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan haura digiri 40, sannan damina ta sauko wajen ƙarshen Yuni da ruwa kamar da bakin ƙwarya. In a lokacin za ka, saka laima.

Sai ka ware tufafi na auduga marasa nauyi, masu haske, masu faɗi. Shadda mai sitaci ka bar ta gida, gumi zai jiƙa ta ta manne maka. Kala huɗu sun isa, ai kayan auduga sun fi arha a kasuwannin can. Ka ɗauki takalmi mai sauƙin cirewa, domin a Masallacin Jama na Delhi da wuraren ibadarsu sai an tuɓe takalmi.

Bayan nan, jakar hannu: fasfo, biza, katin rigakafin shawara (wanda ya taso daga Najeriya ana neman sa), magungunanka da takardar likita, sai gishirin ORS saboda gudawa. Batirin cajin waya ma nan zai zauna, ba a yarda a saka shi cikin babban akwati.

Ƙarshe, nemi adafta, soket ɗinsu mai zagayayyun ramuka ne.