Yadda Ake Tsallake Matakan Farko a Wasan Nioh

Wasan Nioh, wanda sashen Team Ninja na kamfanin Koei Tecmo ya fitar a kan PlayStation 4 a watan Fabrairun 2017 kafin ya iso kwamfuta a watan Nuwamban shekarar, ya yi suna wajen karya gwiwar sababbin 'yan wasa. An gina labarinsa a kan William Adams, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila da ya sauka Jafan a shekarar 1600 ya shiga hidimar Tokugawa Ieyasu, jagoran yaƙin da daga baya ya mulki ƙasar, sai dai a cikin wasan an mayar da shi ɗan Ayiland, an kuma cika ƙasar da dodannin tatsuniyoyin Jafanawa da ake kira yokai. Yawancin waɗanda suke jingine wasan tun da wuri abu ɗaya ne yake kayar da su: idonsu yana kan ma'aunin rai, alhali ma'aunin da ke ƙarƙashinsa, wanda ake kira Ki, shi ne yake yanke hukunci a kowane faɗa.

Ki numfashin William ne. Sara da takobi yana cinye shi, haka kaucewa da gudu da kare duka, kuma idan aka buge shi a lokacin da numfashin ya ƙare, sai ya sunkuya yana haki, ba ya iya ɗaga ko yatsa har abokin gaba ya gama da shi. Saboda haka abu na farko da za ka koya shi ne dawo da numfashi. Da zarar ka kammala sara, za ka ga wasu ƙananan haske masu launin shuɗi suna tattaruwa a jikin William. Idan ka danna maɓallin R1 daidai lokacin da suka haɗu, kaso mai tsoka na numfashin da ka kashe zai dawo nan take. Shawarata ita ce ka tsaya a ƙauyen masunta na tsibirin Kuroshima, inda wasan yake farawa sosai bayan an tsere daga kurkukun Landan, ka nemi ɗan fashi guda mai rauni, ka riƙa yin sara biyu ko uku kana bin su da R1, har yatsanka ya saba ba tare da ka yi tunani ba. Rabin sa'ar da za ka ɓata a nan za ta fanshe maka sa'o'i da yawa a gaba.

Amfanin wannan dabara ya fi fitowa a gaban yokai. Waɗannan dodanni sukan bar wani baƙin hayaƙi shimfiɗe a ƙasa, wanda idan ka tsaya a cikinsa numfashinka yake dawowa da tafiyar hawainiya, su kuwa nasu yana ƙaruwa. Dawo da numfashi a daidai lokacinsa, kana tsaye a cikin hayaƙin, shi yake share shi. Mai ƙaho a cikinsu kuma, ka nufi ƙahon, domin karyewarsa tana zubar masa da numfashi gaba ɗaya, daga nan kowane sara sai ya sa shi tangaɗi.

Tsayuwar faɗa iri uku ce, ana sauya su ta hanyar riƙe R1 tare da wani maɓalli: alwatika don ta sama, murabba'i don ta tsakiya, X don ta ƙasa. Ta sama tana da nauyin sara amma tana shan numfashi, ta ƙasa tana da saurin hannu da arhar kaucewa amma dukanta ba ya ratsa jiki sosai, ta tsakiya kuwa ita ta fi ƙarfi wajen kare duka. Sabon shiga ya zauna a ta tsakiya, ya sauka ƙasa idan ya haɗu da abin da ya fi shi sauri, ya hau sama idan abokin gaba ya gaji ko ya juya baya. Bayan ka saba, ka sayi ƙwarewar da take ƙara maka numfashi idan ka sauya tsayuwa a daidai lokacin dawo da shi, da wadda take sa kaucewa kanta ta dawo da numfashi. A ganina babu ƙwarewar da ta kai waɗannan biyu daraja a farkon wasa.

Game da makami, ka zaɓi biyu ka riƙe su, kada ka zama mai taɓa kowane ɗaya. Ƙarfin takobi yana ƙaruwa da siffar William da wasan ya kira Heart, wato zuciya, wadda kuma take faɗaɗa ma'aunin numfashi, shi ya sa ya dace da mai koyo. Mashi yana bin siffar Body, wato jiki, kuma tsawonsa yana ba ka damar dukan abu daga nesa, sai dai a lungu mai ƙunci yakan bugi bango ya dawo. Sulke ma ana lura da shi: idan nauyin kayan da ka sa ya haura kashi 70 cikin ɗari na abin da William yake iya ɗauka, kaucewarsa takan yi nauyi, numfashi kuma ya riƙa zurarewa. Gara sulke matsakaici da kake iya motsi a cikinsa da na ƙarfe mai kyan gani da zai mayar da kai turmi.

Duk abokin gaban da ka kashe yana ba ka amrita, wadda da ita ake ƙara matsayi a ƙananan wuraren bauta da ke warwatse a kowane mataki. Idan ka mutu, amritar tana zama a kabarinka tare da ruhun da yake tsaronka, kuma idan ka sake mutuwa kafin ka kai wurin, ta tafi ke nan. Don haka kada ka shiga ɗakin babban dodo da dukiya a aljihu. Ka koma wurin bauta ka ƙara matsayi da ita tukuna. Ka sani kuma cewa duk lokacin da ka huta a wurin bauta, ƙananan abokan gaban da ka kashe suna dawowa. A kan hanya ka riƙa leƙa bayan gidaje da cikin tukwane da kan rufi don neman kodama, wasu 'yan mitsi-mitsin halittu kore masu ɗauke da kwano a ka, domin duk biyar da ka mayar gida a yanki ɗaya suna ƙara maka ƙwayar magani guda a wannan yankin. Jajayen kaburbura kuwa na wasu 'yan wasa ne da suka mutu a wurin. Kana iya tayar da fatalwarsu ka yaƙe ta don samun kayanta, amma ka duba matsayinta kafin ka tsokano abin da ya fi ƙarfinka.

Babban dodo na farko a Jafan shi ne Onryoki, wanda ake samu a cikin wani jirgin ruwa yana jan manyan dunƙulen ƙarfe biyu da sarƙa. Wurin yana da ƙunci, sai ka riƙa zagaya shi, ka bari ya gama juyinsa, ka shiga ta baya ka yi sara biyu, ka dawo da numfashi, ka ja da baya. Kwaɗayin sara na uku shi yake kashe mutane a nan. Idan sarƙar ta tsinke yakan ɗauki dunƙulen ya jefo, kuma kauce masa ya fi kare shi.

Wadda take biye da shi, Hino-enma, mace mai fukafukai da ke cikin kogo a yankin Kyushu, ita ce take kore mutane da yawa daga wasan. Tana harbo wata iska mai sandarar da jiki, kuma wanda ya sandare ba ya tsira daga abin da zai biyo baya. Ka sa duk kayan da aka rubuta suna kare sandarewa, ka ajiye allurar warware ta a maɓallin da yatsanka zai kai da sauri, sa'annan ka kauce gefe, ba baya ba, duk lokacin da ta yi ƙara. Shurinta da dukan laimarta ana iya kare su da L1 a tsayuwar tsakiya muddin akwai numfashi, amma idan ta buɗe hannuwa za ta rungume ka, kariya ba ta aiki, sai ka yi nesa da ita, kuma daidai bayan ta yi rungumar ba ta same ka ba ne take tsayawa ɗan lokacin da zai ishe ka sara uku.