Yadda Ake Kiran Mutumin Bama na Ƙasar Myanmar da Sunansa

Abu na farko da ya kamata mai hulɗa da mutanen Myanmar ya sani shi ne, Bamawa, wato ƙabila mafi yawa a ƙasar, ba su da sunan zuriya da ake gada daga uba, kuma mace ba ta sauya sunanta bayan aure. Saboda haka kada ka gutsure sunan mutum ka ɗauki kalmar ƙarshe kaɗai. Ka faɗe shi gaba ɗaya, ko da kalmomi uku ne.

Daga nan sai ka duba shekarunsa da matsayinsa kafin ka zaɓi laƙabin da za ka sa a gaban sunan. Dattijo ko mai muƙami ana ce masa U, babbar mace Daw, tsaranka namiji Ko, matashiya Ma, yaro kuma Maung. Idan kana kokwanto, gara ka ɗaga mutum da ka rage masa daraja. A nan ne baƙi suka fi yin tuntuɓe: U Thant, wanda ya shugabanci sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1961 zuwa 1971, sunansa Thant ne kawai, U ɗin kuwa girmamawa ce.