Yadda ake kai iyali filin wasanni a ƙasashen waje lokacin hunturu

Iyalin da tafiya ta kai su Turai tsakanin Nuwamba da Fabrairu sukan so su ware rana guda domin yara su je babban filin wasanni. Abu na farko da za su yi shi ne tabbatar da cewa filin yana buɗe, domin ba dukansu ne ke aiki a hunturu ba. Disneyland Paris, wanda aka buɗe a 1992 a gabashin birnin Paris, yana aiki duk shekara, haka ma Efteling na ƙasar Holan. Tivoli na birnin Kofanhegan a ƙasar Denmark, wanda yake tsaye tun 1843, yakan buɗe daga tsakiyar Nuwamba domin bukukuwan ƙarshen shekara, sannan ya rufe na tsawon lokaci, yayin da Alton Towers na Ingila yake dakatar da yawancin wasanninsa daga Nuwamba zuwa Maris. Ku duba kalandar filin kafin ku sayi tikiti, kuma ku duba jerin wasannin da aka rufe, saboda a wannan lokaci ne ake yawan yin gyare-gyare.

Wanda bai saba da irin wannan sanyi ba yakan ɗauka cewa tafiya a fili ce za ta fi wahala, alhali tsayuwa ce ke kayar da mutum. Muddin kuna tafiya, jiki yana samar da zafinsa, amma da zarar kun shiga layi kun tsaya minti arba'in a kan daɓe mai sanyi, sanyin zai fara shiga ta tafin ƙafa ya hau sama. Saboda haka takalmi ya cancanci kulawa fiye da kowace sutura. Ku nemi mai kaurin ƙasa wanda ruwa ba ya shiga, ku sa safar ulu, kuma kada takalmin ya matse, domin matsewa tana rage gudun jini, ƙafa ta ƙara yin sanyi. Ku ɗauki ƙarin safa ga kowane yaro.

Sutura kuwa hawa uku ake yi mata. Ta jikin fata ta zama ulu ko yadin roba, kada ta zama auduga, saboda auduga tana shan gumi ta riƙe shi, sai ta koma tana sanyaya jiki. A bisa ta a sa suwaita, sannan a rufe da babbar riga mai tare iska da ruwa. Amfanin wannan tsari shi ne idan an shiga gini mai ɗumi za a iya cire ɗaya kafin gumi ya keto. A haɗa da hula mai rufe kunne da safar hannu. Mayafin wuya kuma a cusa shi cikin riga kafin a hau jirgin lilo mai gudu a kan dogo, domin iska tana iya fizge shi, kuma iskar da ke dukan fuska a wannan gudun tana sa digiri 4 ya zama kamar ƙasa da sifili.

A ganina, wanda aka fi mantawa da shi shi ne yaron da ke zaune a keken turawa. Iyaye suna tafiya suna jin ɗumi, shi kuwa yana zaune ba motsi, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi saurin rasa zafi. Ku shimfiɗa masa bargo a ƙasa da sama, ku rufe keken da ledar ruwan sama, ku riƙa taɓa bayan wuyansa da hannuwansa. Idan kuka ga yaro yana karkarwa, ko ya yi shiru da kasala ba kamar yadda ya saba ba, ku bar layin nan take ku shiga wuri mai ɗumi, ko da saura kaɗan a zo kanku.

Ku tsara yinin da sanin cewa rana gajera ce. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5 na yamma a Paris, a Kofanhegan kuma kafin ƙarfe 4. Wasannin fili sun fi daɗi tsakanin hantsi da azahar, kuma dama wasu manyan jiragen lilo ba a tayar da su da sassafe idan akwai ƙanƙara a kan dogo. Bayan kowace sa'a guda a waje, ku sa wasan cikin gini ko kallon wasan kwaikwayo ko shan abu mai zafi. Wasannin da ke watsa ruwa ku haƙura da su gaba ɗaya, ko da an buɗe su. Ku ci abincin rana da wuri, kafin ƙarfe 12, domin idan sanyi ya tsananta kowa gidan abinci yake nufa, kujera ta yi wuyar samu. Idan kuna da jariri, ku tambayi ma'aikata game da tsarin da ke ba uba da uwa damar hawa bi da bi ba tare da sake bin layi ba, wanda Disneyland Paris yake da shi.

Sanyi yana cinye batirin waya da sauri, ga shi tikiti da taswira da lokutan jira duk a manhaja suke, don haka ku ajiye wayar a aljihun ciki kusa da jiki, ku riƙe batirin ko-ta-kwana. Idan za ku tsaya kallon wasan wuta na dare, ku huta a cikin gini tukuna, ku canza wa yara safa, sannan ku fito saura 'yan mintuna a fara. Ku kuma san lokacin jirgin komawa tun da rana. Daga Disneyland Paris, tashar Marne-la-Vallée Chessy ta layin jirgin ƙasa na RER A mai zuwa birnin Paris tana bakin ƙofar filin, amma takan cika maƙil da zarar an tashi.